Ƙaramin Famfon Baban Ummi

Jiya da hantsi wani saurayi ya tsaya a ƙofar zaurenmu da kekensa na hawan dutse, irin wanda kuke ce wa vetete. Hular kansa kamar rabin kankana, wandon kuwa ya ɗame shi har na tausaya wa jininsa. Ya zaro wani ƙaramin famfo da bai kai tsawon ludayi ba, ya miƙo min, ya ce, "Madam, ɗan duba min wannan, sauri nake, abokaina na jirana a duwatsun Birni. Ba wani aiki ba ne, iska ce kawai ba ya bayarwa."

Na ce masa to ai da sauƙi, tunda iska ce kawai, ga ta nan ta cika Damagaram, ya ɗiba da hannu ya zuba wa tayar.

Shi da ire-irensa nake wa wannan rubutu, ku samarin da kuke hawa duwatsu ranar Lahadi ku sauko kuna ɗaukar kanku hoto. Sunana Harira, 'yar Malam Habu mai faci. A lakwal, wato makarantar boko, aji uku na tsaya, kada ku nemi kalmomi manya a wurina. Amma na taɓa durƙusawa a tsakiyar gonar gero da 'yata tana shiɗewa a hannun ubanta, kuma abin da ya raba mu da likita a ranar bai wuce wannan iskar da kuke cewa kawai ba.

Aikin farko da Baba ya ba ni shi ne zama gaban kwanon ruwa. Yayyena maza biyu sun ga babur ya fi faci daraja, sun tafi kabu-kabu, idon Baba kuma ya fara yin hazo. Sai ya ce ni in zama idonsa. Za a hura shambur, wato robar nan ta cikin taya, in riƙa nutsa shi a ruwa taki-taki ina jiran kumfa. Ranar farko na ga kumfa na yi ihu kamar na tsinci zinariya. Baba ya ce, "Ci gaba." Na ce ai na samu. Ya ce, "Ƙaya ta gaya miki ita kaɗai ta zo?" Huji huɗu ne a shambur ɗin. Tun daga ranar ban ƙara yarda da huji ɗaya ba.

Masu wucewa suka sami abin kallo. Wani ya ce mace da faci, duniya ta zo ƙarshe. Wata maƙwabciyarmu ta gaya wa Inna cewa ba mai auren yarinyar da hannunta ke warin kol, gam ɗin faci. Su ɗin nan dai ne in tayar kurar ruwan ɗansu ta sace suke aiko shi, a ce don Allah Harira ta duba da kanta, ita ce ba ta barin huji.

Sai da na shekara biyu a kwanon ruwa kafin Baba ya bar ni na taɓa famfo. Ku da kuke ganin famfo bututu ne da sanda, ku saurara. Ran famfo wata 'yar fata ce a kan sandar, mai siffar ƙoƙo. In ka tura, bakinta ya buɗe ya manne da bangon bututu, iska ta rasa hanyar gudu sai cikin taya. In ka ja, ta tsuke ta bar sabuwar iska ta shigo. Shi ke nan. Amma kafin hannu ya iya yanka wannan shi-ke-nan ɗin, na ɓata fatar da za ta yi jaka. Wurin majema nake zuwa tsintar guntaye, kuma ba kowace ba. Fatar akuya, ta wajen gadon baya. Ta ciki tana miƙewa kamar ƙullin alkaki, ta saniya kuma taurin kai gare ta. A ɗora murfin kwalba a zana, a yanka da reza a zagaye ɗaya ba tare da ɗaga hannu ba, a huda tsakiya, a jiƙa a man gyaɗa ta kwana, sannan a danna ta cikin bakin bututu ta ɗauki siffa.

Gwajin Baba ɗaya ne. Ka toshe bakin famfo da babban yatsa ka tura. In sandar ta turo ka baya, aiki ya yi. In ta tafi lumui ba gardama, sai ya jefo min ita ya ce, "Wannan na yarda da kowa, sake." Kuma kowace Juma'a da safe, kafin ya yi wanka, sai ya kwance duk famfunan zaure ya shafa wa fatunsu man gyaɗa da gashin kaza. Ni ma haka na tashi. Juma'a ba ta cika min ba in ban shafa wa famfo mai ba. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Masu zuwa mana ba irinku ba ne. 'Yan garuwa ne masu kura, da masu kawo itace daga wajen Dakusa da kaya ya fi su tsawo, da wani tsohon malamin lakwal, mushe kamar yadda muke cewa, da yake koyarwa a ƙauye, wanda ya shekara yana kawo famfo ɗaya ina sake masa fata har ya yi ritaya. Mai itace ba ya ce maka iska ce kawai. Ya san in famfo ya ƙi a dawa, shi zai zama jakin.

Shekarar da na haifi 'yata Ummi ita ce mummunar shekararmu. Wani ɗan kasuwa Bakano, Alhaji Sabo, ya sauke kwalaye a kasuwa cike da ƙananan famfunan nan. Ja, shuɗi, ruwan zinariya, kowanne da ɗan maƙalinsa da ake ɗaurewa a jikin keke. Ba fata a ciki, wani siririn zoben roba ne. Yana tallarsu yana cewa, "Wannan ba ya son mai, ba ya son gyara, ba ya son mai faci!" Mutanen Zinder kuwa, in abu yana ƙyalli kuma daga Kano ya zo, an gama magana. Aka daina kawo mana famfo. Wanda ya lalace a jefar a sayi wani. Guntayen fata suka bushe a kwando, Baba ya zauna yana shafa wa famfunan da ba mai tambayarsu mai. Faci ne kaɗai ya riƙe tukunyar gidan, shi ma da ƙyar.

Ana cikin haka sai ga maigidana da kansa ya shigo da ɗaya, ruwan zinariya. Tela ne, tafiyarsa daga gida zuwa shago ce, kan kwalta. Ya sayi vetete na hannu, ya sa maƙeri ya ɗora masa ƙarfen ɗaukar kaya a baya, ya ga saura ado.

Na ce, "Baban Ummi, a gidan 'yar mai famfo?"

Ya ce, "Harira, zamani ne. Naku sai an goya shi kamar jariri. Wannan dubi, aljihu ma ya shiga."

"Ka gwada shi?"

"Sabo ne fil a ledarsa, me za a gwada?"

Ya maƙala shi a keke. Wata takwas yana nan yana ƙyalli, ba a taɓa sa shi a bakin taya ba, domin in tayarsa ta yi sanyi ni nake hura masa da babban famfon Baba. Yana goge shi dai da tsumma duk safiya. Ni kuma, gwanar sana'a, na ce tunda abin ya shigo gidana ba zan bar shi da ƙishi ba. Kowace Juma'a in na gama da na zaure, sai in kwance wannan ma in ɗiga masa man gyaɗa. Ban taɓa toshe bakinsa da yatsa na tura ba. Raina shi na yi, har ban ga ya isa a gwada shi ba.

Ummi tana da wata goma sha ɗaya muka je ƙauyen su maigidana, can bayan Mirriya, gaida mahaifiyarsa Iya, lokacin kaka. Ni duk inda za ni akwai wani ƙulli a jakata: faci, kol, reza, guntun sanfefa, da cokula biyu da na daddaƙe bakinsu don ɓare taya. Ko gidan biki da shi nake zuwa. Dangin miji sun daɗe suna dariyar ƙullin nan, suna cewa amaryarsu ta zo da garejinta.

Kwana biyu da zuwanmu jikin Ummi ya yi zafi. 'Yar fari ce, a gaban surukai ba a son uwa ta nuna ta damu, sai na riƙa fakar ido ina taɓa wuyanta. Iya ta ce haƙora ne. Da hantsin rana ta uku idon yarinyar ya kakkafe, hannayenta suka sanƙare, ta shiɗe. Ranar kasuwar Mirriya ce. Babur ɗaya ne a ƙauyen, ya tafi tun asuba, masu amalanke ma sun bi shi, waya kuwa ba rezo, ba ta kamawa sai an hau tudu an yi addu'a. Na goya ta, na ɗauki jakata da gorar ruwa, muka hau vetete.

Baban Ummi ya ce ya san yanke ta cikin gonaki, tun yana yaro yake bi. Tun yana yaro da ƙafa yake bi, wannan bai faɗa ba. Hanyar shimfiɗe take da tsidau, ƙayar nan mai ƙahoni da ke kwance a ƙasa tana jiran masu sauri. Ba mu yi rabin tafiya ba na ji ƙarfen baya ya fara dukan ƙashina. Tayar baya ta kwanta.

Wannan bai tsorata ni ba, aikina ne. Na miƙa masa yarinya ya tsaya da ita a inuwar wata aduwa, na ce ya riƙa jiƙa ɗankwalina yana shafa mata. Na kifa keken, na ɓare taya da cokali. Ba kwanon ruwa, to amma ƙayoyin suna nan a jikin tayar, kowace tana nuna inda ta shiga. Uku na gani, na bi da yatsa na sami ta huɗu. Na goge, na shafa kol, na jira ya sha iska, na liƙa. Ban taɓa yin faci da sauri irin na ranar ba, ban kuma taɓa jin kol ya daɗe bai bushe ba kamar ranar. Na mayar da shambur, na ce, "Kawo zamanin naka."

Ya ciro shi daga maƙali da hannu ɗaya, har da ɗan goge shi a riga. Na sa a bakin taya na tura. Ya tafi lumui. Na ja na sake turawa. Lumui. Na toshe bakin da yatsa, gwajin da ya kamata in yi wata takwas da suka wuce. Ko gardamar ƙuda bai yi min ba.

Baban Ummi ya ce, "Ba ki iya ba ne, wannan ba irin naku ba ne, kawo."

Na ba shi, na karɓi yarinya. Ya yi ta bugawa har gumi ya jiƙe masa gemu, tayar tana kwance abinta. Ya girgiza shi, ya hura bakinsa, ya buga shi a tafin hannu kamar rediyo. Ummi ta sake sanƙarewa a ƙirjina.

Na mayar masa da ita na kwance famfon. Tun kafin in gani hancina ya gaya min. Warin tsohon man gyaɗa. Zoben robar ya sha maina wata takwas, ya haɗu da rairayi da zafin Damagaram, ya kumbura ya zama danƙo, turawar farko ya tsinke gida uku. Fata mai take so, roba kuwa guba na riƙa ba ta kowace Juma'a da gashin kaza, da bisimilla.

Ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Ya mutu. Fata nake so."

Na dube mu daga sama har ƙasa. Takalminsa roba, nawa roba. Bel ɗin da ya ce min na fata ne, na kankare da reza, leda ce da fenti. Sirdin keke roba, jakata roba. Mutum uku daga garin majema, ba mai ko ɓallin fata a jikinsa. Sai idona ya sauka a wuyan Ummi. Layar da Iya ta rataya mata ranar suna, ɗinke cikin jar fatar akuya, gumin yarinya ya tausasa ta.

Na kai reza. Ya ja da baya da yarinyar.

"Harira! Kanki ɗaya? Layar Iya?"

"Takardar ciki ce laya. Wannan riga ce."

"In kika kwance wani abu ya same ta fa? Me zan ce wa Iya?"

"Wani abu yana samunta yanzu, Baban Ummi. Dube ta. Ko ka tura keke da ƙafa mu isa da la'asar, ko ka sunkuyo."

Ya dube ta. Ya sunkuyo.

Na bi ɗinkin a hankali na farke, na zare takardar ban buɗe ta ba, na naɗe a gefen zanena na ƙulle. Na shimfiɗa fatar a kan ƙarfen keke, na danna bakin bututun a kai ya bar zane, na yanka kaɗan a wajen zanen, zagaye ɗaya, hannu bai ɗaga ba. Fatar ba za ta ba da biyu ba, in na kuskure shi ke nan. Allah ya taimake ni kan sandar wata 'yar ƙusa mai murɗi ce ta riƙe shi, na kwance da gindin cokali. Na huda fatar, na tauna ta har ta yi laushi, na shafa mata man kaɗanyar da nake shafa wa Ummi, na ɗaure, na lallaɓa ta cikin bututu da farce. Na toshe da yatsa na tura.

Ya turo ni baya.

Ku da kuke son ƙananan famfuna saboda ba nauyi, ba wanda ya gaya muku cikinsu bai fi na sirinji ba. Abin da famfon Baba zai yi a bugu ashirin, wannan sai da Baban Ummi ya yi ta yi har hannunsa ya mutu na karɓa, nawa ya mutu ya karɓa. Tayar ta tashi, ba ta yi tauri sosai ba, amma ta ɗauke mu. Na tofa yawu a bakin bawul, ba kumfa. Na sa shi ya saɓa keken a kafaɗa har muka fita daga gonar tsidau, shi da yankensa, sannan muka hau.

Ana kiran azahar muka shiga gidan likita. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya karɓe ta, allura, ƙarin ruwa, ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Yana rubutu a karne, ɗan littafin mara lafiya, ya ɗago ya ce, "Tun hantsi ta fara, me ya tsayar da ku?"

Baban Ummi ya gyara tsayuwa ya ce, "Matsalar inji muka samu a hanya, amma mun shawo kanta."

Mun. Hannuna dai yana kan ƙafar yarinya. Kwana uku muka yi. Rana ta biyu ta buɗe ido ta nemi nono, ta uku ta fizge ɗan kunnena.

Da muka dawo Zinder na kai wa Baba famfon da guntayen zoben a cikin takarda. Ya shinshina, ya murza a yatsa.

"Wa ya ba roba man gyaɗa?"

"Ni ce, Baba."

"Kin gwada shi kafin ku tafi?"

Na girgiza kai. Ya toshe bakin ya tura, sandar ta dawo masa. Ya sake. Ya kwance ya bi gefen fatar da yatsa, zagaye ɗaya, yana neman inda reza ta yi tuntuɓe. Sai ya ce, "Ashe abin nan yana cin fata." Ya ce in ɗauko kwandon guntaye.

A nan mummunar shekara ta ƙare. Ashe ba namu kaɗai ba ne, duk wanda ya sayi ɗan ƙyallin nan zafi ya busar masa da zobe ko da bai sami gwana irina ta shafa masa mai ba. Mai itace ɗaya na sa wa fata, ya gaya wa goma. Yanzu rabin aikina shi ne cire zamani daga cikin famfo in sa akuya. Na saurayin jiya ma haka na yi masa. Ya karɓa zai maƙala a keke, na ce ina, toshe ka tura a gabana. Ya ce yana sauri. Na ce duwatsun sun fi kakanka daɗewa a wurin, za su jira. Ya tura, ya ji an turo shi, ya yi dariya kamar an yi masa dabo. Na ce kowace Juma'a ya yi haka, ya ɗiga mai kaɗan, yanzu da yake fata ce a ciki. Na san ba zai yi ba, hoto zai ɗauka da shi.

Saura layar. Na kai takardar wurin baduku ya ɗinke ta cikin sabuwar jar fata, na mayar wa Ummi a wuya, ina fatan Iya ba za ta lura ba. Iya da take gane an taɓa mata tulu daga yadda murfin ya zauna. Da ta zo duba jikarta, ko zama ba ta yi ba ta kama layar ta juya.

"Wannan ba ɗinkin garinmu ba ne."

Baban Ummi ya tuna yana da aiki a shago. Ni na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga tsidau har reza, har man gyaɗar ban ɓoye ba. Ta saurara tana jijjiga yarinyar a cinya. Da na gama na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai sauko.

Sai ta juya wajen Inna, da ke zaune a gefe, ta ce, "Kin ji ko? Da na rataya mata, 'yan birni har da taɓe baki. To ga shi. Ba don layata ba, da me za su kai ta likita?"

Na ce, "Gaskiya ne, Iya."

Ta ce, "Wata tafiyar zan sa a yi mata babba."

Na ce Allah ya saka da alheri, amma don Allah a gaya wa badukun ya yi da fatar gadon baya.